Sana'ar haɗa wayoyin batir da pano: amsa ga wani matashin Gidimuni

Wani matashi daga Gidimuni ya aiko mini da tambaya. Ya koyi gyaran wutar mota da ta babur a wani gareji a Zinder, ya koma gida, kuma hannunsa ya faɗa da aikin waya. Yana gani a salularsa yadda wasu a Turai da Amurka ke zama a ɗaki suna ƙera ƴan gajerun wayoyi masu kai biyu, waɗanda ke haɗa sabon kaya da tsohuwar motar lantarki, suna sayarwa suna cin abinci. Yana son ya san ko wannan sana'a za ta yiwu a garinsu, kuma ta ina zai soma.

Ƙanena, za ta yiwu, amma ka cire mota daga lissafinka tukuna. Wayoyin nan masu ruwan goro da ke cikin motar lantarki suna ɗauke da wuta wajen bolt 400, a wasu sababbin motoci har 800, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta kashe mutum. Bakin cajinsu ma ya wuce ƙarfe da roba. Motocin Cana suna amfani da GB/T, na Turai CCS2, tsofaffin Nissan Leaf na Japan kuma CHAdeMO, kuma a kowannensu sai mota da na'urar caji sun yi musayar sigina kafin wuta ta wuce. Wannan aikin masana'anta ne mai ɗakin gwaji. Ban da haka, motocin lantarki nawa ke bin hanyar Mirriya zuwa Gure?

Kasuwarka tana cikin garake da shaguna da tasha. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina araha, kuma mai garka a bakin tafkin Gidimuni da ke shayar da rake da albasa da kabeji da injin esans ya ji a jikinsa. A watan Agustan 2023 aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, mutane suka ga cewa layin kamfanin wuta na NIGELEC ma yana iya ɗaukewa ya daɗe. Waɗannan biyun sun tura jama'a da yawa ga faifan hasken rana, wato pano, da batir, da famfo mai aiki da rana. Babura da a-daidaita masu batir suna shigowa Kano da Maiduguri, inda Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables suka yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas su sa musu batir. Abin da ya zauna a Kano ba ya daɗewa bai iso Damagaram ba. Kayan nan kuwa kowane kamfani da irin bakinsa. Pano ya zo da kai iri ɗaya, batir da wani, caja da wani. Hatta fulogin bango: kayan Kano suna zuwa da ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, soket ɗinmu kuma rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa. Duk inda baki biyu suka ƙi shiga juna, aikinka ne ya fito.

Ka fara da waya, don a nan ake cutar yawancin masu wannan aiki. Ko a Kasuwar Dole ta Zinder za ka saya ko a Sabon Gari ta Kano, ka je da wuƙa da ashana da ɗan maganaɗisu. Akwai wayar da ke da ja a waje kamar jan ƙarfe, cikinta kuwa alminiyam ne aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe. Ka feɗe robar, ka kankare sili ɗaya: in fari ya bayyana, ajiye ta. Ka kara silin a harshen wuta: na gaske zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube nan take. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ne. Nauyi ma yana faɗar gaskiya. Mita 100 ta waya mai kauri 2.5 tana da jan ƙarfe fiye da kilo biyu, ban da robar da ke kanta, alminiyam kuwa bai kai sulusin wannan nauyi ba. Alminiyam yana tare wuta fiye da jan ƙarfe da wajen kashi 60 cikin 100, yana karyewa in ana yawan lanƙwasa shi, kuma yana cinyewa a bakin haɗi. Wata cutar ita ce a rubuta 2.5 a jikin roba alhali abin da ke ciki bai wuce 1.5 ba. A waya mai laushi ta ƙa'ida, 1.5 tana da sili wajen 30, 2.5 kuma wajen 50. Ka ƙirga a gaban mai shago, babu kunya a ciki. Kuma wayar gini mai sanda ɗaya ka bar wa magina, duk abin da zai hau abin hawa ko a riƙa naɗewa ana warwarewa mai sili da yawa yake so. Wadda za ta kwana a rana tsakanin pano da na'ura kuma ka nemi baƙar wayar sola mai riga biyu, za ka ga an rubuta PV1-F ko H1Z2Z2-K a jikinta. Wayar ɗaki in ta sha ranar Afrilu da Mayu shekara ɗaya ko biyu, robarta tsagewa take yi.

Sai kauri. Ƙa'idar wutar gida ta Faransa, wadda masu aikin wutarmu suka gada, tana ba waya 1.5 amfer 16, 2.5 amfer 20, 4 amfer 25, 6 amfer 32. Wannan iyakar zafi ce kawai, kuma a zafin ƙasarmu gara ka tsaya ƙasa da ita sosai. A wutar batir akwai matsala ta biyu, wato wutar da ke salwanta a hanya. Lissafin ba shi da wuya, ka rubuta shi a bangon shagonka: ka ninka 0.0175 da tsawon waya zuwa da dawowa, ka ninka da amfer, ka raba da kaurin waya. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da ya ɓace. A ce batir mai bolt 12 ne, kayan da ke jan amfer 10 suna nesa da shi mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ke nan. Da waya 1.5 za ka rasa kusan bolt 1.2, kashi ɗaya cikin goma na wutarka. Da 2.5 za ka rasa 0.7. Sai ka kai 6 kafin asarar ta sauka zuwa 0.3, inda ake so, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100. Shi ya sa za ka ji mai firjin sayar da ruwan sanyi yana zagin batirinsa, alhali siririyar waya ce ke shan wutar a hanya. In da kayan bolt 48 ne masu ƙarfi ɗaya, amfer biyu da rabi kawai za su ja, 1.5 ta wadatar. Kafin ka yanka waya, tambayoyi uku ne: bolt nawa, amfer nawa, mita nawa. In mai kaya bai sani ba, ka karanta a jikin na'urar, ka raba wat da bolt, amfer zai fito. Injin a-daidaita mai wat 1000 a bolt 60 yana jan amfer wajen 17 a tafiya, amma lokacin tashi da kaya ko cikin rairayi yana ninka haka, don haka adadin da aka rubuta a jikin kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa injin, za ka bi.

Kawunan da za ka riƙa cin karo da su ba su da yawa. MC4 shi ne baƙin kan da ke bayan kowane pano. Ka sayi namiji da tamace daga kamfani ɗaya, don na kamfanoni biyu suna iya shiga juna su yi ƙas amma ƙarfen ciki bai kama sosai ba, wurin ya riƙa zafi har ya narke. Ka lura kuma, ƙarfe mai rami yana shiga cikin robar da ta yi kama da namiji, in ka juya su kuma ya riga ya kulle, fitar da shi sai da ɓarna. XT60 da XT90 su ne rawayan nan na batiran lityum. Gefen da yake a miƙe shi ne +, gefen da aka sassaƙe kusurwarsa −, kuma akwai alama a jiki. Kada sunan ya ruɗe ka, XT60 ba ya son a ɗora masa amfer 60 yini guda, ka ba shi rabin haka ya daɗe. Anderson SB50 shi ne mai fuska ɗaya, babu namiji babu tamace, amma galibi launi daban ba ya shiga launi daban, kuma da gangan aka yi haka don kada a haɗa bolt biyu. A duk kan da ke da namiji da tamace, ɓangaren da ke ɗauke da wuta shi ake ba mai rami, don kada ƙarfe mai rai ya fito fili inda yaro ko makulli zai taɓa.

In kuɗinka kaɗan ne, abu biyu za ka fara saya: mitar awo mai kyau, da filayar matse kai ta gaskiya, mai haƙori wadda ba ta buɗewa sai ta gama matsa. Matse kai da filayar gareji ko dukansa da guduma shi ke kawo rabin gobarar da ake ɗora wa batir. Dalma tana da wurinta, XT60 da XT90 da ita ake haɗa su, kuma ka cusa abokin kan a ciki yayin da kake aiki don kada zafi ya karkatar da ƙafar. Amma a kan babur da a-daidaita, dalmar da ta bi cikin sili ta sandare tana karyewa daidai inda ta ƙare, saboda girgizar hanya. Can matsewa ta fi. Kowane haɗi ka rufe shi da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, kuma ga kayan garka ka nemi mai gam a ciki. Ƙasar kwari tana da danshi da gishiri da kanwa, jan ƙarfen da iska ke shiga sai ka ga ya yi tsanwa kafin damina ta zagayo. Haɗin wayar famfon da zai nutse cikin rijiya kuwa salatif ba ya yin sa ko ka naɗa goma, akwai kayan haɗinsa na musamman da ake zuba wa ruwan gam ya daskare.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, don a nan sana'ar take da haɗari, kuma a nan sunanka zai tsaya ko ya zube. Wayar haɗi siffar baki kaɗai take canzawa. Bolt ɗin da ya shiga ta nan shi zai fita ta can. Watarana wani zai zo maka da caja a hannu ya ce tasa ta ƙone, ya samo wannan wurin ɗan'uwansa, duka biyun an rubuta 48V, ka yi masa kai kawai ta shiga. Kada ka ɗauki filaya sai ka juya cajar ka karanta abin da take fitarwa. Batir huɗu na dalma da aka jera, waɗanda ake kira bolt 48, cajarsu tana kaiwa wajen bolt 59. Batirin lityum mai ɗaki 13, shi ma 48 ake ce masa, iyakarsa 54.6, don kowane ɗaki ba ya wuce 4.2. Ɗayan nau'in lityum ɗin, wanda ake rubuta wa LiFePO4, in ɗaki 16 ne iyakarsa 58.4. Suna ɗaya, caja uku. In ka haɗa cajar dalma da lityum mai ɗaki 13, kana tura wa kowane ɗaki fiye da bolt 4.5, kuma abin da ya rage tsakanin mai gida da gobara ɗan allon kariya ne da ke cikin batirin, wanda ba ka san ingancinsa ba. Wutar lityum in ta kama ba ta jin bokitin ruwa ɗaya ko biyu, kuma gidajenmu da zana da kara da rumbu a kusa. Haka lissafin yake a 60V da 72V, lityum mai ɗaki 20 misali cajarsa 84 ce.

Akwai wani tarko a kan cajojin baburan Cana. Da yawansu suna amfani da fulogi mai ƙafa uku irin na bayan kwamfuta, amma kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wace ƙafa ce + ba. Caja biyu masu baki iri ɗaya sak, ɗaya + a dama, ɗaya a hagu. Launin waya ma ba shaida ba ne, sau da yawa za ka buɗe ka tarar da shuɗi da ruwan ƙasa maimakon ja da baƙi. Ka auna bakin batir da mita, ka auna bakin caja, ka zana a takarda, sannan ka haɗa. Wayar da ke juya ƙafafun nan kaya ce mai fita, kuma halal ce in bolt ya dace, amma ka yi mata alama babba don kada ta faɗa hannun wani mai babur daban.

Duk wayar da za ta taso daga batir ka sa mata fiyus, ko fizibil kamar yadda muke cewa a nan, a kan ƙafar +, bai fi taƙi ɗaya daga kan batirin ba. Wayar yake karewa, don haka ƙarfinsa ya kasance ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka. Ƴan fiyus ɗin mota masu launi, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, an yi su ne don bolt 32 zuwa ƙasa. A kan batir 48 ko 72 suna iya tsinkewa amma wutar ta ci gaba da tsallakawa, don wutar batir da ta pano ba ta sakin tartsatsi da sauƙi kamar ta NIGELEC. Saboda wannan dalili ne ba a zare MC4 famfo yana aiki. A kashe na'ura tukuna. Kuma ka tuna pano uku manya da aka jera a layi sun haura bolt 100 da rana tsaka, wannan ba wutar wasa ba ce. In za ka yi wa mai garka wayar reshe don haɗa layuka gefe da gefe, amfer ne ke taruwa, ka ƙara kauri, kuma daga layi uku zuwa sama kowane layi da fiyus ɗinsa.

Wani aiki mai kawo kuɗi shi ne fitar da bolt 12 daga a-daidaita ko babur mai batir, don fitila da rediyo da cajin salula. Masu gaggawa suna jona waya a kan batir ɗaya daga cikin jerin. Wannan batirin zai riƙa ƙarewa kafin ƴan'uwansa, ya mutu da wuri, ya ja sauran. Akwai ƙaramin akwati mai sauke wuta daga 48 ko 60 ko 72 zuwa 12, shi za ka saya ka sa masa kai da fiyus ka sayar a haɗe.

Aiki ɗaya ne zan ce ka ƙi ko nawa aka ba ka: waya mai fulogi namiji a kai biyu, wadda ake cusa wa janareta ko inbata sannan a cusa ɗaya kan a soket ɗin bango don a ba gida wuta. Ƙafafun da ke waje suna da bolt 220, kuma in an manta ba a raba gidan da layi ba, wutar tana komawa kan turke ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. Mai son haka ka sa masa makunnin sauya layi.

Kada waya ta bar hannunka ba a gwada ba. Ka ja kowane kai da ƙarfi, in zai fita gara ya fita a shagonka. Ka auna + zuwa +, − zuwa −, ka tabbatar ba sa taɓa juna. Sannan ka ɗora mata kaya. Ƙwan fitilar mota mai wat 55 yana jan amfer huɗu da rabi, biyu gefe da gefe wajen tara. Ka bar ta rabin awa ka shafa da bayan hannu. Ɗumi kaɗan a duk tsawonta ba laifi, amma in wuri ɗaya ya fi sauran zafi, matsewar wurin ba ta yi ba, yanke ka sake.

Batun ciniki kuwa, ka san da wa kake gasa. Kayan kwali na Cana za su fi naka araha kullum, kada ka bi su can. Abin da kake da shi wanda ba su da shi: kana auna kayan mutum ka yanka daidai tsawon garkarsa, jan ƙarfenka na gaske ne, kuma in ta lalace ya san ƙofar gidanku. Ka ajiye guntun wayar jabu da ta gaske a kan tebur, ka ƙyasta ashana a gaban mai saye, ya gani da idonsa, wannan ya fi dogon bayani. Wajen sa kuɗi ka tara waya da kawuna da roba da dalma, ka ƙara kuɗin mota zuwa Zinder da kawunan da ke lalacewa a hannu, sannan ladan aikinka. In kayan sun ci jika biyu ka sayar jika biyu da rabi, ranar da filayarka ta karye ba ka da na sabuwa. Kayan da ka sayo da naira kuma ka lissafa su da abin da za ka biya in ka koma sarowa, tun da Najeriya ta saki kuɗinta a Yunin 2023 canji ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka tara kaya da yawa da farko. Wayar ƙarin tsawo ta MC4, da wayar batir mai fiyus, da ƴan kawunan caja sun isa a tebur ranar kasuwa, sauran a yi su bisa oda. Wanda ke Gidigir ko wani ƙauye ya turo maka hoton bakin na'urar da hoton rubutun jikin caja ta WhatsApp, ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, ka ba direban tasha. In hoton rubutun bai fito ba, kada ka yi aikin da ka. Ka kuma ƙulla zumunci da masu kafa pano da masu haƙa rijiyar burtsatse, su ke fara ganin inda ake bukatarka. Masu garka za su nemi bashi zuwa cirar albasa ko saran rake. Ka bayar ga wanda ka sani, amma kuɗin kaya a hannu, ladan aiki kaɗai ke jira.

Kowace waya ka manna mata takarda ƙarƙashin roba mai haske: bolt, iyakar amfer, na'urar da aka yi ta dominta, kwanan wata, da lambarta. Lambar nan ka rubuta ta a littafi tare da sunan mai saye da irin wayar da ka yi amfani da ita. Ranar da aka dawo maka da wata a ƙone, kada ka tsaya musu, ka feɗe ta a gaban mai ita. In ƙunar daga bakin kai ta taso, aikinka ne, ka sake masa kyauta, ka duba littafi ka nemi sauran waɗanda ka yi da kawunan wannan sari ka karɓo su. In robar ta narke tun daga farko har ƙarshe, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ka tambaye shi me ya ƙara a kai, ka kuma duba ko an cire fiyus an naɗa waya a gurbinsa. In kuwa tsaga ce a tsakiya da alamar haƙori, ɓera ne ko akuya, sabuwar sai ka zura ta cikin tiyo kafin ya mayar da ita garka.